Jiki ma asusu ne, yana son zubi safe da yamma

  

Tun da aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara na farko a jihar Maradi a 1991, mun koyi abu guda da ba mai ƙwace mana shi: kuɗi kaɗan, in ana zuba su kan lokaci ba fashi, jari suke zama. Dala 20 ba komai ba ce a hannun mace ranar kasuwa. Amma mata 25 su zuba ta kowane mako har shekara ta zagayo, jika 130 ke nan a akwati, tun ba a lissafa abin da jujjuyawa ta kawo ba.

To yau maganar wani asusu za mu yi, wanda ba shi da akwati, ba shi da makulli uku, kuma ba mai rubuta shi a littafi. Jikinmu ne. Kullum cira muke yi daga cikinsa: daka, ɗiban ruwa, goyo, tuya, tafiya kasuwa. Zubi kuwa sai ranar da aka tuna.

Kowace shugabar ƙungiya ta duba littafin bashi ta gaya wa kanta gaskiya. Sau nawa mace ta karɓi kuɗi don sarin gujiya ko gero, kuɗin suka ƙare a gidan likita? A ce mai ƙosai tana samun ribar dala 100 a yini. Masassara ta kwantar da ita kwana 5, jika 2 da rabi sun tafi, ba a yi maganar kuɗin magani ba, ga masu saye sun koma wurin maƙwabciya. Shi ya sa muke cewa lafiyar mace ita ce uwar kuɗin sana'arta.

Mun san abin da za a ce: ina lokacin yake? Gaskiya ne, ba mu da shi. Don haka ba sabon lokaci za mu ƙirƙiro ba. Yininmu yana da turaku da aka riga aka kafa: asuba, almuru, bayan lisha. A jikinsu za mu ɗaure ƴan abubuwan nan, yadda ake ɗaure akuya a turken da ke nan tun tuni.

Mu fara da safe. Kafin a hura wuta, a sha ruwa, moɗa ɗaya ko biyu. Jiki ya kwana bai sha komai ba, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gumi yana ɗibar ruwan jiki tun rana ba ta ɗaga ba. Ciwon kai da jiri da ke kama mu da hantsi, sau da yawa ƙishi ne. Alamar mai sauƙi ce: in fitsari ya yi ja kuma ya yi kaɗan, ruwa bai isa ba. Sai dai ruwan ya zama mai tsabta. Randa a rufe, a wanke ta a kai a kai, moɗar ɗiba guda ɗaya a rataye, ba wadda yara ke sha su mayar ba. In ruwan rijiya ne ko na tabki, a tafasa shi, ko a sa ƙwayar Aquatabs bisa awon da ke jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha.

Sai sabulu. Matsalarmu ba rashin sani ba ce, wurin ajiya ne. Sabulun da ke ƙulle a ɗaki cikin kwalla ba ya wanke hannun kowa. A yanka guntu a aje shi kusa da buta, a bakin makewayi, wani guntun kusa da murhu. Bayan fitowa daga makewayi, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin ci da kafin ba yaro abinci. In sabulu ya yanke, toka ta fi ruwa zalla. Zawon da ke cinye ƙibar yaro cikin kwana biyu, galibi ta hannu yake shiga.

Yanzu ga inda muka fi cutar kanmu, kuma nan muke so a saurara da kyau. Mu ne farkon tashi, mu ne ƙarshen ci. A dama kunu, a zuba wa maigida, a sallami ƴan makaranta, a ba na goye, sannan uwa ta kankare gindin tukunya, ko ta ce sai an jima. An jiman nan sai azahar. Har muna yabon kanmu da cewa in yara sun ci mun ƙoshi. Wallahi ba mu ƙoshi ba. Mace na zubar da jini kowane wata, tana ɗaukar ciki, tana shayarwa, duk daga jiki ɗaya. In ba a mayar ba, ƙarancin jini ke biyowa: kasala, haki daga ɗan aiki kaɗan, bugun zuciya, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Ga mai ciki kuwa abin ya wuce kasala, yana iya zama haɗari ranar haihuwa.

Ba nama muke cewa a sayo kullum ba. Tun lokacin rabo a ware kwanon uwa, a zauna a ci, ba a tsaye ba. Kunun gero a sa masa ɗan tunkuza ko garin ƙuli-ƙuli. Ɗumame da miyar jiya. Wake, kwaɗon zogale, tafasa, rama. Ɗan lemun tsami a kan ganye, ko garin ƴaƴan kuka a kunu, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin da ke gina jini daga abincin. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a ba shi tazarar awa guda da abinci. Mai ciki da aka ba ƙwayoyin ƙarin jini wurin awo, ta aje su inda idonta ke sauka kullum, nesa da hannun yara, ta sha su a lokaci guda kowace rana. Bayan gida na iya yin baƙi saboda su, wannan ba abin tsoro ba ne.

Abu na ƙarshe na safe shi ne hayaƙi. Da hunturu muna shigar da murhu ɗaki don ɗumi, ga goyo a baya yana shaƙa. Hayaƙin nan yana kawo tari da jan ido. A yi girki inda iska ke wucewa, da busasshen itace, a sauke yaro nesa da wuta.

Mu juya yamma. Da almuru, kafin gajiya ta ci ƙarfinmu, a sauke sange, a cusa gefunansa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Wadda ta ce sai lokacin kwanciya, sau da yawa barci ke riga ta. Sauron da ke kawo masassara da dare yake cizo, kuma daga Yuli zuwa Oktoba ya fi yawa. Sange mai huda a ɗinke shi, in an wanke a shanya a inuwa don kar maganinsa ya mutu. Kuma uwa ma ta shiga ciki, ba yara kaɗai ba. Da damina, in masu raba maganin rigakafin masassara na yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 sun ba da na ranar farko, sauran kwana biyun a hannunmu suke. A ɗaure su da wani abu da ba a mantawa, kamar wankan yaro. In jiki ya yi zafi, a je a yi gwaji ranar, kar a tsaya ga mai tallar ƙwayoyi a faranti.

Tukunyar dare ma tana da magana. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai gram 5 ba, wajen ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke cikin ɗunƙulen magi. Hawan jini ba ya sallama, yana iya shekaru a jiki ba a sani ba. A rage ɗunƙule ɗaya, a ƙara daudawa da albasa da tafarnuwa. Harshe yana sabawa.

Bayan lisha, minti 10 na lissafi. A zazzage cinikin yini a raba shi uku: uwar kuɗi, cefanen gobe, zubin mako. Wadda ta iya rubutu ta rubuta, wadda ba ta iya ba ta ƙulla kowane a ƙyallensa. Wata za ta ce me ya haɗa wannan da lafiya? Mun sha ganin mace na juyi a shimfiɗa har tsakar dare don ba ta san ko kuɗin zubi za su cika ba. Abin da aka ƙirga aka ɗaure ya daina yawo a kai.

Sai barci. Babba yana bukatar awa 7 ko fiye. Mai tashi ƙarfe 5, lissafinta ya nuna ƙarfe 10 ta kwanta. Da aiki ne ke hana mu, yanzu salula ta shigo: saƙon murya na WhatsApp, fim ɗaya ya ja na biyu. A sa mata lokaci, a aje ta nesa da matashi. Aikin da za a iya ragewa tun dare, a rage: jiƙa wake, cika randa, haɗa kayan tuya. Kuma a raba shi. Yaro namiji hannunsa ba ya karyewa don ya ɗebo ruwa ko ya share tsakar gida. Maigida ma a yi masa magana cikin ladabi, lokacin da ransa ke sanye: Malam, in na kwanta ciwo, gidan nan duka ne ya kwanta.

Abin da ya dami zuciya kuma kar a kwana da shi ke kaɗai. Ƴar hira da aminiya ko ƴar uwa a ƙofar gida tana sauke nauyi. In baƙin ciki da rashin barci sun ɗauki makonni, a faɗa wa ma'aikacin lafiya, ba abin kunya ba ne.

Ba mu ce a ɗauki duka rana ɗaya ba, ko asusu ma da dala 20 muka fara. Ga roƙonmu ga shugabannin ƙungiyoyi: a taro mai zuwa, bayan kiran suna, kowace mace ta zaɓi abu ɗaya na safe da ɗaya na yamma, ta faɗa a gaban ƴan uwa. A haɗa mata biyu-biyu, maƙwabtan juna, su riƙa tuna wa juna. Wannan zubin ba shi da tara, tambaya kawai: Yaya, kin karya yau? An sauke sange jiya? Bayan mako 4 a zauna a ji wa ta riƙe, me ya yi wuya, me za a ƙara.

Ku aiko mana da abin da kuka gani a ƙungiyoyinku, mu karanta wa sauran. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a neman kowa. Sai fitowa ta gaba.