Ƙwallo ba ta da tabbas: darasin Ajantina da Saudiyya

Ka tuna 22 ga Nuwamba, 2022 a Qatar? Ajantina ta shigo da wasa 36 ba a doke ta ba, Messi ya fara cin fanareti, amma Saudiyya ta yi nasara 2-1. Ranar tikitin 'yan bet ya ƙone ƙurmus.

Odd fa farashi ne, kuma kamfani ya riga ya cusa ribarsa ciki. A zaɓi mai fuska biyu, kowace 1.90, in ka zuba dubu-dubu, N1,900 ce za ta dawo daga N2,000. Ɗarin nan ta kamfani ce, ko wa ya ci.

Don haka, ɗan'uwa, kada kuɗin makaranta ko na bashi su shiga caca. In an cinye ka, kar ka ce sai ka rama. Gara ma ka kalli ƙwallonka, aljihunka lafiya.