Daga Madina zuwa Legon ba nisa, to ina yaranmu?

Duk wanda ya hau trotro daga Madina zai shiga cikin Ankara, sai ya bi ta ƙofar Jami'ar Gana da ke Legon. Tafiyar 'yan mintoci ce. Amma tambayi iyaye a Zango me ake karantawa a bayan wannan katanga, amsar ba ta wuce likita da lauya. Yaro ya yi kimiyya a sakandare, makinsa bai kai na likita ba, shi ke nan a gida an ɗauka ya faɗi. Wannan tunanin yana cutar da mu, kuma ba na jin talauci ne kawai ya jawo shi.

A cikin wannan jami'ar akwai cibiyar Noguchi, wadda Japan ta gina aka buɗe a 1979, inda ake binciken cututtuka. Akwai WACCBIP, da aka kafa a 2014 da tallafin Bankin Duniya ƙarƙashin Farfesa Gordon Awandare, tana horar da masu digiri na biyu da na uku kan ƙwayoyin cuta irin na zazzaɓin cizon sauro. Lokacin korona a 2020, masanan waɗannan cibiyoyi biyu ne suka karanta tsarin halittar ƙwayar cutar a nan gida. Akwai kuma WACCI, tun 2007, mai horar da masu inganta irin shuka, wadda shugabanta Farfesa Eric Danquah ya ci kyautar abinci ta Afirka a 2022. A Kumasi akwai KCCR a jami'ar KNUST, haɗin gwiwa da wata cibiyar Jamus da ke Hamburg. Mutanen Aboabo da Asawase su ma ba su da hujjar nisa.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Duba kwanon abincinka. Sunan waakye kansa daga bakinmu ya fito, shinkafa da wake. Wannan waken, masu bincike a cibiyar SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale sun yi shekaru suna aiki a kansa. An ɗauko wani ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa aka sa wa wake, don ya kare kansa daga tsutsar da ke cinye fure da kwanso. Masu binciken sun ce manomin da ke feshi har sau takwas zai iya komawa sau biyu. Hukumar da ke sa ido kan irin wannan fasaha ta amince da shi a 2022, bayan Najeriya ta saki nata irin daga Zariya a 2019. Akwai masu adawa, har kotu an je. Ba na cewa kowa ya yarda. Abin da ke damuna shi ne, iyayenmu mata ke sayen wake buhu-buhu suna dafawa suna sayarwa, amma ranar da aka tambayi limamin unguwa ko wannan iri ya halatta, wa zai zauna da shi ya fayyace masa abin da aka yi wa irin da Hausa? Sai saƙon murya na WhatsApp ya zama malaminmu.

Ni malamin makaranta ne, kwalejin horar da malamai na yi, ban taɓa aiki a ɗakin gwaji na jami'a ba. Amma ina ganin inda ƙofar ke rufewa, kuma ba a Legon take rufewa ba. A ajin ƙarshe na JHS ne, ranar cike takardar zaɓen sakandare. Yaro mai kaifin lissafi sai ya zaɓi wani fanni don abokinsa ya zaɓa, ko don an ce masa kimiyya da wuya. Yarinya kuwa sau da yawa ba a ma tambayarta. Wanda bai yi kimiyya a sakandare ba, da wuya ya ga hanyar shiga waɗannan fannoni daga baya. Alhali matar da yaranmu ke kallo a talabijin tana jagorantar gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, Farfesa Elsie Effah Kaufmann, ita ce shugabar farko ta sashen injiniyancin kayan asibiti a Legon. Sun san fuskarta, ba su san aikinta ba.

Sai maganar sanayya, wadda ba mu son faɗi. Bincike sana'a ce ta koyi a hannu, kamar ɗinki ko kanikanci. Ɗalibi yana shiga ɗakin gwajin wani malami lokacin hutu, ya wanke kwalabe, ya koyi awo, ya yi bautar ƙasarsa a wurin, malamin ya rubuta masa takardar shaida, da ita zai nemi tallafin digiri na gaba. Cibiyoyin nan suna tallata guraben tallafi a shafukansu, suna yin taron bincike inda ɗalibai ke baje aikinsu. Ba ɓoye wa kowa ake yi ba. Sai dai ɗan da kawunsa ke koyarwa a jami'a yana jin labarin a wurin cin abinci, namu kuwa sai bayan an rufe karɓa.

Mu kuwa mun fi kowa iya sanayya. Da ita kakanninmu suka yi fataucin goro daga Salaga zuwa Kano, baƙo ya sauka wurin mai gida, mai gida ya haɗa shi da masu saye. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi a jami'o'i sun san su waye namu da ke karanta kimiyyar halittu da haɗa magunguna. Me zai hana kwamitin kowane masallacin Juma'a ya nemi ɗaya daga cikinsu ya zo ya yi wa iyaye da 'yan JHS bayani, kafin lokacin cike takardar zaɓe? Makarantunmu na Islamiyya kuma su rubuta wa cibiyoyin nan takarda su nemi izinin kai ɗalibai ziyara. Kuɗin motar bai kai na kujerun biki ɗaya ba.