Wasiƙar biro ba ta kwana gidan baƙo

A ma'aikatu da yawa, wasiƙun aiki sun bar ambulan da kan sarki, sun koma intanet. Akwatin wasiƙun nan yana da wata dabara: mai shi yana iya ba shi umurni sau ɗaya, daga nan duk wasiƙar da ta shigo sai ta wuce da kanta zuwa wani adireshi na waje. Ma'aikaci mai yawan tahiya yana son haka, don ya karanta takardun biro cikin akwatinsa na Gmail ko Yahoo. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya auku a Amurka cikin 2020 ya isa darasi. SANS, makarantar da ke koyar da tsaron intanet ita kanta, ta bayyana cewa an yaudari ma'aikacinta guda, aka dasa irin wannan umurni cikin akwatinsa. Wasiƙu 513 suka hita, ɗauke da bayanan mutane wajen 28.000. A watan Nuwamba na shekarar, hukumar FBI ta yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna bin wannan hanya su leƙa cinikin kampani, sannan su aiko da lambar asusun ƙarya a biya su. Cikin shekarar ce kuma Microsoft ya soma toshe wannan turawa tun daga tushe ga ma'aikatun da ke aiki da Office 365, sai in shugabanninsu sun buɗe ta.

Muguntar abin ita ce shirunsa. Wasiƙa tana isa ga mai ita kamar kullum, ba ya ganin alamar komi. Ko an sake kalmar sirri, umurnin yana nan yana aiki, sai an neme shi an goge.

Saboda haka shawara ta rage ga shugabannin ma'aikatu. Hani kaɗai ba ya wadatarwa, domin wanda aka hana zai nemi wata kafa. Kamata ya yi a kulle ƙofar ga kowa, a buɗe ta ga mai hujja bisa izini rubutacce da wa'adi, a riƙa duba akwatuna lokaci lokaci, a kuma ba matahiya hanyar shiga akwatin biro daga nesa. Takardar albashi da ta kwangila amana ce a hannun ma'aikata. In ta kwana a akwatin waje, ba wanda ke da ikon maido ta.