Turansifa ta maƙale? Kada ka sake turawa, ba kullum laifin sabis ba ne

Yau magana ce da masu POS da masu tura kuɗi ta waya, musamman 'yan uwa na Runka da kewayen Safana da Batsari.

Ka san ina lissafin kuɗinka yake zaune? Ba a cikin wayarka ba. Yana wani rumbun bayanai ne a manyan kwamfutoci, waɗanda kamfanoni da yawa ke haya a wajen Amazon, Google ko Microsoft. Kuma ba kai kaɗai ba ne a ciki. Ɗauke shi kamar gidan haya: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma famfo ɗaya ake sha.

Duk lokacin da ka duba balas, wayarka tambaya take aikawa ɗauke da lambarka. Rumbun sai ya tace, ya fito da naka kaɗai. Shi ya sa mai shago a Runka ba ya ganin cinikin wani a Legas.

Wannan tarayyar ce ta sa abin ya yi araha, don haka ni ban ga aibunta ba. Amma idan tambayoyi suka yi yawa lokaci ɗaya, sai a shiga layi. Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi? Kowa ya koma turansifa, manhajojin bankuna suka riƙa cijewa ko da sabis ya cika.

To ga inda ake asara. Kana ganin abu na juyawa, sai ka sake dannawa. Alhali ta farkon tana kan layi, ba ta faɗi ba. Sai a cire maka sau biyu, ka kuma ƙara cunkoso.

Abin yi: dakata 'yan mintuna, buɗe tarihin ciniki ka gani ko ta fita. Ajiye rasit da lambar cinikin, da ita za ka bi kadi. Mai POS kuma, kada ka saki kuɗi sai ka ga shigowarsu a naka asusun, hoton alat ba hujja ba ne.

Kuma ka riƙe littafinka. A Satumban 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Safana da Batsari, rumbun yana nan lafiya, hanyar zuwa ce babu.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu.