Kwalbar ruwan sukari cikin ɗari, da abin da ƴan lakwal ɗinmu ba su rubutawa

A tsakiyar watan Janairun da ya wuce, ƙanwata da ke aure a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ta turo mini hoto ta WhatsApp. Wata jar kwalba ce rataye a bakin tagar maƙwabciyarta, an ɗaura mata ƙwan lantarki daga ƙasa, ga itatuwa a baya duk sun zubar da ganye. Ta rubuto cewa: "Yaya, dubi aikin tsohuwar nan. Ruwan sukari take ajiye wa tsuntsu, fitilar kuma don kada ya daskare. Tun Oktoba tsuntsayen suka tafi, amma kullum da sassafe sai ta leƙa." Na yi dariya, na ce mata mai ƙoshi ba ya rasa abin yi. Daga baya da na bi diddigin al'amarin sai na janye maganata, kuma dalilin janyewar ne nake son in kawo gaban malamai da iyaye.

Tsuntsun da tsohuwar ke jira shi ne wanda littattafan Faransanci ke kira kolibri. Babu shi a Afirka, babu shi a Turai ko Asiya. A nahiyar Amurka kaɗai yake, daga Alaska har ƙarshen kudancin Arjantina da Chili, kuma irinsa ya haura 300. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta yana tsibirin Kuba, nauyinsa kamar giram 2. Wanda mutanen gabashin Amurka suka saba gani, wato mai jan maƙogwaro, giram 3 ne ko sama kaɗan, bai kai ƙwayar sukarin kwali ɗaya ba. Yana kaɗa fiffike kamar sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa yake iya tsayawa cak a iska gaban fure, ya zura dogon bakinsa ya sha zaƙi, sannan ya ja da baya yana tashi. Jiki mai irin wannan gudu ba ya jure yunwa. Dole ya yi ta sha yini guda, ya haɗa da ƙananan ƙwari.

Da rana ta fara gajarta a watan Agusta da Satumba, sai ya shiga ci ba ƙaƙƙautawa har nauyinsa ya kusa ninkawa da kitse, sannan ya nufi kudu, zuwa Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Wasu suna bin gaɓar teku ta Texas. Wasu kuwa suna ratsa Tekun Meziko kai tsaye, kilomita 800 ba wurin sauka, tafiyar kusan awa 20. Wannan ya zarce nisan Yamai zuwa Maraɗi, ya kusa kai Yamai zuwa Damagaram. Idan sanyi ya janye, itatuwa suka fara toho, sai su komo: ƙarshen Fabrairu da Maris a jihohin bakin teku irin su Luwiziyana da Florida, Afrilu a wajen su ƙanwata, Mayu a Kanada. Maza ke riga mata isowa da ƴan kwanaki.

To idan sun tafi, me tsohuwar ke jira a Janairu? A da ana gaya wa mutane su sauke kwalabensu da kaka, wai barinsu zai hana tsuntsun tafiya har sanyi ya kashe shi. An gano ba haka ba ne, tsawon yini ke tayar da shi, ba ƙarewar abinci ba. Waɗanda suka ƙi saukewa kuwa sai suka fara ganin abin da littattafai ba su faɗa ba. Akwai wani kolibri mai launin jar ƙasa da ke hayayyafa a arewa maso yamma har kudancin Alaska, yana cin hunturu a Meziko, tafiyar kusan kilomita 6,000. Sai ga shi wasu daga cikinsu suna ɓullowa a gidajen mutane a kudu maso gabashin Amurka tsakiyar ɗari. Da farko an ɗauka ɓatattu ne da mutuwa ke jira. Wata mata a Luwiziyana, Nancy Newfield, ta fara kama su tana sa musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa tun ƙarshen shekarun 1970, wasu suka bi sahunta, sai aka ga tsuntsu ɗaya yana komowa gida ɗaya hunturu bayan hunturu. Ashe hanyarsu ce. A gaɓar yamma kuma kolibrin Anna, wanda a farkon ƙarni na 20 iyakarsa kudancin Kalifoniya da abin da ya yi kudu, yanzu yana cin hunturu har Vancouver a Kanada, saboda furannin lambuna da kwalaben da mutane ke ratayawa. Yadda suke kwana cikin sanyi ma abin mamaki ne: da dare sukan saki jiki ya huce, bugun zuciya ya sauka, su sandare kamar matattu, da asuba su farfaɗo. A tsaunukan Peru an auna wani da zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 4.

Abin da ke cikin kwalbar ba wani sirri ba ne: awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa, ba zuma, ba kala, a wanke a sauya kowane ƴan kwanaki. Ni ba kwalbar ce ta kama hankalina ba. Kalandar da ke rataye kusa da tagar ce. Ƙanwata ta ce tsohuwar tana zagaye ranar da ta ga na farko a kowace shekara, da ranar da ta ga na ƙarshe, kuma tana aika ranar ta intanet.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi, kuma malamin makaranta ne ya kafa ta. A farkon shekarun 1880 wani malami mai suna Wells Cooke ya roƙi mutanen kwarin kogin Misisipi su riƙa rubuta ranar da kowane tsuntsu ya iso garinsu su aiko masa. Aikin ya girma, gwamnati ta karɓa, aka yi ta tara ƙananan katuna har wajen 1970, suka kai miliyoyi. A 1994 aka buɗe wani shiri mai suna Journey North domin makarantu: yara su ga kolibri na farko, su aika rana da sunan gari, a ɗiga a taswira, kowa ya ga yadda ɗigon ke hawa arewa mako bayan mako. Da masana suka ɗora rahotannin shekarun 2001 zuwa 2010 a kan tsoffin katunan 1880 zuwa 1969, sai suka ga mai jan maƙogwaro yana isowa da wuri da kamar kwana 11 zuwa 18, gwargwadon wuri. Babu wani tauraron ɗan'adam da ya auna wannan. Manoma ne da malamai da tsofaffi da ƴan makaranta, kowa da ranarsa guda a takarda. Kuma batu ne mai nauyi, don idan tsuntsu ya iso kafin fure ya buɗe, ko furen ya riga shi, duka biyun ne ke asara.

Mu ba mu da kolibri, kuma ba na cewa kowa ya rataya ruwan sukari a zaure. Amma jiran tsuntsu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wa ya tashi a ƙauye bai san shamuwa ba? Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, sai a wayi gari a gan ta a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari tana jido ƙirare, manya su ce a fiddo iri, a gyara hauya. Ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta. Tana cin fara da tsutsa a gonaki, da kaka kuma ta tashi ta haye zuwa kudancin Afirka, su Zambiya da Zimbabuwe, inda tasu damina ke farawa. Haka kuma a lokacin ɗarinmu, tabkin Madarunfa da na Tabalak da na Gidimuni suna cika da agwagin ruwa da wasu tsuntsaye da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Waɗanda Bature ke leƙen taga yana jira a watan Maris, da yawansu a wurinmu suke yin hunturu.

Bambancinmu da tsohuwar Greensboro ɗaya ne: ita tana rubutawa. Na tambayi ƴan CM2 wa ya san shamuwa, kusan duk ajin suka ɗaga hannu. Na ce wace rana ta iso bara, sai aka yi tsit. Na tambayi kaina, ni ma ban sani ba. Dattawa suna cewa damina ta sauya, shamuwa ta ragu a garuruwan da aka sare manyan itatuwa, kuma ban ƙaryata su ba. Amma idan yaro ya ce "Baba, da kwana nawa ta sauya?" ba mu da amsa, don ilimin yana cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma duk wanda aka kai makwanci da nasa kason yake tafiya. A lakwal kuwa darasin da sunansa ma lura da abubuwa ne, mushe ke rubuta shi a tablo, yara su kwafe a kaye, su haddace, su mayar ranar jarrabawa. Yaro zai zana sassan fure bai taɓa tsinko ɗaya ya buɗe ba.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don na ji shi a bakin wasunsu. Na farko, aji mai yara 80, wasu a rumfar zana, ga manhaja da ba a gamawa, ina lokacin kallon tsuntsu? Amsata ita ce aikin bai fi minti biyar ba da safe. Kaye ɗaya na ajin gaba ɗaya, a raba shafi huɗu: rana, wuri, abin da aka gani, wanda ya gani. Cikin wannan akwai rubuta kwanan wata, akwai ƙirga kwanaki tsakanin isowar shamuwa da ruwan farko, akwai taswirar Afirka, akwai tsara jimla. Duk suna cikin manhajar da ake kukan ba a gama ba. Kuma shamuwa tana isowa kafin a tafi babban hutu.

Na biyu, wasu iyaye za su ce mun kai yaro lakwal ya zama likita ko injiniya, ba mai bin tsuntsu ba. To ai likitan kirki mai lura ne, wanda zai dubi idon majiyyaci ya ga abin da wani bai gani ba. Ma'aikacin gona da zai ce wa gari fara ta fara ƙyanƙyasa a wuri kaza, da ido ya fara. Yaron da ya yi makonni uku yana duba tsamiya bai ga kome ba, kuma ya rubuta "ban ga kome ba" maimakon ya ƙirƙiro, ya koyi haƙuri da gaskiya a aiki, abubuwa biyu da bulala ba ta cusawa. A zamanin da salula ta saba wa ƴaƴanmu da samun kome cikin daƙiƙa, ban san wani darasi da ya fi wannan araha ba.

Na uku ya fi ƙarfi, kuma na yarda da rabinsa: shamuwa ba ma'aikatar hasashen yanayi ba ce. Takan iso ruwa ya yi jinkiri, manomi ya yi shuka a ruwan farko, fari ya biyo baya iri ya ƙone. Gaskiya ne. Kada malami ya ce wa yara tsuntsu ya san ranar ruwa. Amma ta yaya za mu san iya gaskiyar maganar kakanninmu idan ba mu jera ranar shamuwa da ranar ruwan shuka na shekara goma mun duba ba? Mai yiwuwa kayen ya gaskata su, mai yiwuwa ya gyara musu. Mutanen Amurka ma da "a sauke kwalba da kaka" suka gada, masu rubutawa ne suka gyara.

Don haka ga roƙona. Daraktan lakwal ya ware kaye ɗaya mai kauri, a rubuta sunan gari a bango, kada ya bi malami idan an yi masa sauyin wuri, ya zauna a lakwal ɗin. A fara tun cikin ɗari da tsuntsayen tabki, ko duk abin da ke sauka a bakin rijiya da lambu. A sa ranar da gawo ya zubar da ganye, ranar da aka ga shamuwa ta farko, yawan sheƙunanta a gari, ranar ruwan farko, ranar shuka, ranar da ta tafi. Malaman da ke da zauren WhatsApp na yankinsu su riƙa turo ranarsu, za su ga ko Gaya ta riga Dakwaro, ko Magarya ta riga Tanut. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo da tambaya, a tura shi wurin kaka ko wani dattijon unguwa, ya zo da sunayen tsuntsayen da Hausa kafin su ɓace mana. Mai danƙo a aljihu a ba shi aikin ƙirga sheƙa, don ya fi kowa sanin inda suke.

A mako na biyu na Afrilu ƙanwata ta sake turo saƙo. Ta ce tsohuwar ta ƙwanƙwasa mata ƙofa tun kafin ta gama shirya yara, tana cewa ya iso, namiji ne. Duk tsawon hunturun ba ta ga ko ɗaya ba, kuma haka ta rubuta. Mu a nan kayenmu yana kan tebur, an ja layukan, shafin shamuwa bai da kome tukuna. Allah ya kawo ta lafiya, ya ba mu damina mai albarka.