SHARHI: Ana rabon tallafin nakasassu, amma masu lalurar ƙwaƙwalwa ba sa cikin layi

A shekarar 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinare, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dubbai sun tsira, da yawansu bayan maganin da likitocin ƙungiyar MSF suka yi musu. Sai dai dalma ba ta barin ƙwaƙwalwar yaro yadda ta same ta. Tana rage fahimta, tana jinkirta magana da koyo, kuma ɓarnar da ta riga ta yi ba ta gyaruwa. Waɗanda ba su kai shekara biyar ba a lokacin, yau samari ne da 'yan mata da suka isa neman na kansu. Wace sana'a aka tanadar musu, kuma da kuɗin wa?

Ba su kaɗai wannan tambaya ta shafa ba. Akwai masu galahanga, da waɗanda doguwar naƙuda ta hana ƙwaƙwalwarsu iska, da waɗanda shawara ta kama suna jarirai, da waɗanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Lalurarsu ba taɓin hankali ba ce, jinkiri ne wajen koyo ko magana ko sarrafa jiki da ke farawa tun ƙuruciya. Amma a unguwanni da dama sunan da ake ba su shi ne dolo ko ɗan ruwa, makomarsu kuwa ƙuryar ɗaki ko bara.

A rubuce, doka ba ta manta da su ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna musu wariya, wadda ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa. Dokar ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aiki, amma ta rataya hakan ga iya ƙoƙarin ma'aikata, kuma ba ta rarraba guraben bisa nau'in nakasa ba. Idan gurbi ya samu, mai digiri da ke kan keken guragu ne zai cike shi, kuma ya cancanta. Wanda bai taɓa samun makarantar da za ta karɓe shi ba, ko takardar neman aikin ba zai iya cikewa ba.

Irin wannan giɓi ne ke cikin yadda ake kashe kuɗin. Duk ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, akan ga jami'ai da 'yan siyasa suna rabon kekunan guragu da sanduna da kekunan ɗinki da injinan markaɗe. Kaya ne da ake saye sau ɗaya, a ɗauki hoto, a rufe fayil. Suna da amfani ga wanda matsalarsa jari ce ko zirga-zirga. Matashi mai galahanga kuwa ba inji yake nema ba, mutum yake nema: wanda zai tsinka masa aiki gaɓa-gaɓa, ya maimaita masa har ya zauna, ya kuma fahimtar da mai gidan aiki yadda ake tafiya da shi. Wannan albashi ne na wata-wata, ba kwangilar sayen kaya ba, don haka ba ya da farin jini wurin masu rubuta kasafi.

Tallafin kuɗi kai tsaye ma yana da shinge. Shirin naira 25,000 na wata uku da gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar a 2023 ya dogara ne kan rajistar mabuƙata da lambar NIN ko BVN, kuma magidanta yake nufa. Ɗan da aka ɓoye a ɗaki ba shi da suna a ko ɗaya. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa tun 2006 aka yi ta, ta 2023 an ɗage ta. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi.

An gwada wata hanya a wani wuri. A 1996 asibitin yara na birnin Cincinnati a Amurka ya fara shirin Project SEARCH, inda matasa masu irin wannan lalura ke shafe kimanin shekarar karatu guda suna koyon aiki a cikin ma'aikata ta ainihi, suna zagaya sassa uku, mai horaswa na tare da su. Manufar ita ce aiki mai albashi a tsakiyar sauran ma'aikata, ba wani keɓaɓɓen ɗaki ba. Shirin ya bazu har Birtaniya.

Arewa ba ta buƙatar aro ginin wannan tsari, domin tana da shi. Tela da kafinta da mai gidan burodi da mai kiwon kaji duk suna da yaran koyo. Abin da ya rage shi ne a biya ubangida ladan ƙarin lokacin da zai ɓata, a biya mai bibiya da zai riƙa leƙawa don kare yaron daga duka da cin zali da aikin banza, sannan a ba shi kuɗin mota. Ribar ba ta tsaya kan yaron ba. A yawancin gidaje uwa ce ke ajiye sana'arta domin jinya, kuma ranar da ɗanta ya samu wurin zuwa da safe, ita ma ta samu damar nema.

Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗin jihohinsu suna da tambayoyi uku da za su riƙe. Nawa aka ware wa nakasassu, kuma nawa aka saki? A cikin abin da aka saki, nawa ya tafi sayen kaya, nawa ya tafi horaswa? Cikin waɗanda suka amfana, mutum nawa ne masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma nawa ne ke kan aiki bayan shekara guda? Hukumar da ta kasa amsa ta uku, ba ta san ko kuɗinta ya isa Bagega ba.