Wasan Sanda Na Misirawa, Da Abin Da Ake Nuna Wa Baƙo

 Galibin mutanenmu da suka sauka Alƙahira, ko ɗalibi mai nufin Azhar ko mai neman haja, in sun komo gida labarinsu ɗaya ne: an kai su Giza sun ga dala, an ɗora su bisa raƙumi an ɗauki hoto, da maraice sun shiga faluka, watau jirgin ruwa mai tafiya da iska, sun zaga Kogin Nilu. Babu laifi cikin wannan, ko da yake Bahaushe ya ƙetare hamada ya biya kuɗi don ya hau raƙumi abin dariya ne. Amma duk wannan an tsara shi ne domin aljihun baƙo.

In ka tambayi Bamisire wasan ƙasarsa, ƙwallon ƙafa zai ce maka, kuma bai yi ƙarya ba. An kafa ƙungiyar Ahli a 1907, Zamalik a 1911, har yau gida ɗaya kan rabu biyu saboda su. Masar ce ta fara zuwa gasar duniya daga Afirka, a 1934, ita ce kuma ta ci kofin Afirka na farko a Hartum, a 1957. Sai dai ƙwallo daga Turawan Ingila aka karɓo ta, kuma son ta ya taɓa wuce iyaka: a Fabrairun 2012 mutum fiye da 70 suka hallaka a filin Port Said, aka yi shekaru ana buga wasa ba 'yan kallo.

Ni abin da nake so baƙo ya nema shi ne tahɗib, wasan sanda na mutanen Sa'id, watau kudancin Masar. Ga yadda yake. Jama'a su yi da'ira, masu algaita su busa, a kaɗa babbar ganga. Maza biyu cikin jallabiya da rawani su fito, kowa da sandar gora mai tsawon kamar ƙafa huɗu. Su gaisa da sandunan, su kewaya juna, sa'an nan ɗaya ya kai sara ɗaya ya kare. Kai ake nema, amma ba a fasa shi. Gwani shi ne wanda ya sami abokinsa a buɗe, ya nuna wa taro ya same shi, kana ya janye hannu. Wanda ya san sharon Fulani kada ya gwama su. Can dauriyar wanda ake duka ake aunawa, nan kuwa haƙurin mai sanda. In rai ya soma ɓaci, dattawa su shiga tsakani.

Tsufansa ya wuce tsammani. An sami hoton masu wannan wasa sassaƙe a gine-ginen kabarin Fir'auna Sahure a Abusir, shekara wajen 4,500 ke nan, ana kuma ganin irinsa a bangon Madinat Habu na Ramsis na Uku. Dā horon mayaƙa ne. A 2016 hukumar UNESCO ta rubuta shi cikin al'adun da ya kamata duniya ta kiyaye.

To, a nan damuwata take. Baƙon da ya sauka babban masauki, ko ya shiga jirgin shaƙatawa tsakanin Luksor da Aswan, lalle za a nuna masa masu sanda bayan cin abinci. Amma rawa ce aka koya, an san wanda zai kai sara da inda za a tsaya tun kafin a fito. Ban raina masu wannan sana'a ba, abinci suke nema, kuma tun ƙungiyar Mahmud Rida da aka kafa a 1959 ake kai rawar ƙauye dandali da gwaninta. Illa dai inda babu fushin da za a danne, babu ladabin da za a koya. Saurayin da ya ga rawar masauki na kawo kuɗi, wasan dandalin ƙauye kuwa gumi kaɗai, wanne kuke tsammani zai bi? Rubutun UNESCO ba ya riƙe sanda. Abin da ke raya wasa shi ne uba ya koya wa ɗa, taro kuma ya san gwani daga mai kwaikwayo.

Saboda haka wanda Allah ya nufa da zuwa Masar, in ya sami sarari, ya daidaita tafiyarsa da tsakiyar Sha'aban. A lokacin ake taron Abul Hajjaj a Luksor, wanda masallacinsa ke cikin tsohon ginin Fir'aunoni, da na Sidi Abdurrahim a Ƙina. Mutanen ƙauyuka kan zo da sandunansu da dawakinsu, a yi tahɗib, a yi sukuwa wadda suke kira mirmah, ba don baƙo ba. Jirgin ƙasa na tashi daga Alƙahira da dare, ya wayi gari a can.